Ciwon baya wanda hutu ke ƙara ma ƙarhi



Kowa ya san ciwon baya. Mai noma ya san shi. Mai daka da mai jan ruwa a rijiya sun san shi. Wannan ciwon gajiya ne. In mutum ya huta kwana biyu, sai ya lafa.

Amma akwai wani ciwon baya daban. Shi kwanciya ke tada shi, motsi ke kwantar da shi. Sunanshi sandarewar ƙashin baya. Da Faransanci likitoci na ce mishi spondilartirit ankilozant.

Mine ne wannan ciwo?

Ƙashin baya ba guda ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne 33, jere bisa juna. Guda 24 ke motsi: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu. Su ke sa mu duƙa, mu miƙe, mu waiwaya.

Ciwon yana farawa da kumburi a ciki, wurin da ƙashin baya ya haɗu da kwankwaso. Daga nan yana iya hawa sama sannu sannu. In ya daɗe babu magani, jiki na tsiro sabon ƙashi tsakanin gaɓoɓin. Sai su manne, baya ya zama kamar sandar gora. Wani ya ranƙwafa, har ba ya iya ɗaga kai ya dubi gabanshi. Ƙashin da ya manne ba ya sake buɗewa. Don haka ake son a gane ciwon da wuri.

Wa yake kamawa?

Yana farawa tun mutum na da ƙuruciya, sau da yawa tsakanin shekara 20 da 30. Da wuya ya fara bayan shekara 45. An hi ganin shi ga maza, amma mata ma na samun shi. Yana bin dangi. A ƙasashenmu bai yi yawa kamar a Turai ba, amma akwai shi.

Ba sammu ba ne. Ba aikin iskoki ba ne. Ba a ɗaukar shi wurin cin tuwo ko kwanciya tabarma ɗaya. Saurayi mai wannan ciwo ba rago ba ne. Kada a zarge shi in ya kasa tashi da sassahe.

Alamomi

1. Ciwon ƙugu da ɗuwawu ya wuce wata 3.
2. Da sahe baya na sandarewa hiye da minti 30.
3. Ciwon na tada mutum daga barci kahin asuba.
4. In ya tashi ya yi tahiya ko aiki, sai ya ji sauƙi.
5. Wani na jin ciwon diddige, ko kumburin gwiwa, ko yawan kasala.
6. Wani ido ɗaya na yi mishi ja, da zahi, ba ya son haske.

In ka ga alamomin nan ga kanka ko ga ɗanka, kada ka jira bayan girbi. Tahi gidan likita.

A kula da tarin huka

Tarin huka ba huhu kaɗai yake kamawa ba. Yana cin ƙashin baya ma. A ƙasarmu an hi samun shi bisa sandarewar ƙashin baya. Mai shi na ramewa, yana zazzaɓi da yamma, yana zufa da dare. Wani ƙusumbi na hito mishi a wuri guda. In an yi sakaci, ƙafahu na iya mutuwa. Amma yana warkewa, kuma maganinshi kyauta ne a Nijar. Ana shan shi wata 6 ko hiye, wani lokaci har shekara. Likita ne ke iya rarrabe ciwon biyu.

Ina za a je?

A fara da gidan likita mahi kusa, ko a Cadawa kake, ko Gangara, ko Tibiri, ko Cadakori. Ka faɗa ma ma'aikacin lahiya abu uku: yaushe ciwon ya fara, wane lokaci ya hi tsanani, mi ke sa ya lafa. In da bukata, zai ba ka takarda zuwa asibitin gunduma ko babban asibitin Maraɗi. Can ake hoton ƙashi da awon jini. A farkon ciwo hoto na iya hitowa babu komi. In ciwon bai bari ba, ka koma.

Magani

Har yanzu babu maganin da ke raba mutum da ciwon gaba ɗaya. Amma akwai mai rage kumburi da zahi, kamar ibuprofen da diklofenak. Likita ne zai faɗi adadi. A sha bayan an ci abinci. In an sha su barkatai, suna kawo gyambon ciki, suna ɓata ƙoda. Mace mai ciki kada ta sha sai da izinin likita.

Tun shekara ta 2003 akwai allurai masu ƙarhi don wanda ƙwayoyin ba su yi ma aiki ba. Suna da tsada. Sai an yi awon tarin huka kahin a fara su.

Kada a sayi ƙwaya wurin ƴan talla a kasuwa. Tramol na rufe zahi kawai, kuma mutum na sabawa da shi. Tsaga da ƙaho ba su kai wurin kumburin. Kada a bar kowa ya taka bayan ko ya murɗe wuyan. Ƙashin da ya manne yana karyewa da sauƙi.

Motsi rabin magani ne

Wannan ba ya cin ko dala. A yi shi kullum:

1. Da sahe ka yi wanka da ruwan ɗumi.
2. Ka jingina da bango. Diddige, ɗuwawu, kafaɗu da ƙeya su taɓa shi. In ƙeya ta daina kaiwa, ka faɗa ma likita.
3. Ka kwanta rub da ciki bisa tabarma minti 15.
4. Ka ja numfashi mai tsawo sau 10, don ƙirji ya buɗe.
5. Ka juya wuya dama da hagu, a hankali.
6. Ka kwana wuri mai tauri, da ƙaramin matashin kai.

A gona, noman tsaye ya hi maka noman duƙe. Ka riƙa miƙewa lokaci lokaci. Buhun gero ko na aya, a sa shi a amalanke, kada ka ɗauka a ka. Mai shan taba ya bari, don taba na ƙara ciwon.

A tahi asibiti ran nan, ba gobe ba:

In ido ya yi ja da zahi. In ƙafahu sun yi sanyi ko sun mutu. In hitsari ko bayan gida na zuwa ba da sani ba. In mai ciwon ya faɗi, wuya ko baya ya ɗauki sabon zahi.

Mai wannan ciwo na iya noma, ya yi aure, ya riƙe gidanshi, in ya bi magani kuma bai daina motsi ba. Kai da ka iya karatu, karanta ma maƙwabtanka wannan labari. Allah shi ba mu lahiya, amin.