'Yan kwana-kwanan sa-kai a Amurka: masu riga motar asibiti isa ga majinyaci

A ƙauyuka da ƙananan garuruwan Amurka, idan zuciyar mutum ta tsaya aka buga lambar gaggawa ta 911, wanda ke fara isa ƙofar gidan sau da yawa maƙwabci ne: manomi ko bakanike ko malamar makaranta, waɗanda suka jingine aikinsu da jin kiran. 'Yan kwana-kwana ne na sa-kai, marasa albashi.

Alƙaluman NFPA, ƙungiyar yaƙi da gobara ta ƙasar, sun nuna cewa a 2020 akwai masu kashe gobara sama da miliyan ɗaya, kuma kimanin 677,000 daga cikinsu 'yan sa-kai ne. Al'ada ce mai dogon tarihi, domin tun 1736 Benjamin Franklin ya kafa irin wannan ƙungiya a birnin Filadelfiya. Sai dai aikin ya sauya salo. A yau kusan kashi biyu cikin uku na kiran da ofisoshin kashe gobara ke amsawa na rashin lafiya ne ko rauni, gobarar kanta kuwa ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba.

Sauyin ya samo asali ne daga wani rahoto da Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta fitar a 1966, wanda ya nuna cewa kusan rabin aikin jigilar marasa lafiya yana hannun masu sana'ar shirya jana'iza, galibi ba tare da horo ba. A 1973 Majalisar Dokoki ta zartar da dokar tsara agajin gaggawa. Garuruwa da dama suka ɗora nauyin a kan ofishin kashe gobara, tun da shi ne mafi kusa da jama'a, kuma a shirye yake dare da rana.

Wannan kusanci shi ne jigon lamarin. Ƙwaƙwalwa na fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida da yankewar iskar oksijin, kuma duk mintin da ya wuce ba a taimaki wanda zuciyarsa ta tsaya ba, damar rayuwarsa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Wani bincike da mujallar JAMA Surgery ta wallafa a 2017 ya gano cewa a karkara ana jiran agaji na kimanin minti 14, ninki biyu na jiran da ake yi a birane.

A cikin waɗannan mintuna ɗan sa-kai ke aikinsa. Yana danna ƙirjin majinyaci sau 100 zuwa 120 a minti, ya maƙala masa na'urar da ke dawo da bugun zuciya da lantarki, ya ba shi oksijin. Yana tsayar da zubar jini, yana fesa maganin naloxone a hancin wanda ƙwaya ta sumar, yana yanka ƙarfen mota ya zaro wanda ya maƙale. Da isowar ma'aikatan motar asibiti, sai ya miƙa musu majinyacin tare da bayanin abin da ya yi.

Abin damuwa shi ne masu wannan hidima na raguwa, domin a 1984 sun kusa 900,000. Horon ya ƙara tsawo, matasa na fita aiki nesa da garuruwansu, waɗanda suka rage kuma girma na cim musu. Wasu jihohi na jawo sababbi da sassaucin haraji da ɗan fansho, gwamnatin tarayya kuma na ba da tallafin SAFER ta hannun hukumar FEMA domin ɗaukar 'yan sa-kai da riƙe su. Duk garin da ya rasa su, ko dai ya ɗauki ma'aikata masu albashi da kuɗin harajin mazaunansa, ko majinyatansa su jira motar da za ta taso daga wani garin.