Sabon Ma'aikaci, Buɗe Baki Ka Tambaya

Da zarar yaro ya samu aiki a babban kamfani, masu ba da shawara za su cika zauren gidansu a Kalpohin, nan Tamale, kuma bakinsu ɗaya: "Ka kama bakinka. Kada ka nemi takarda, kada ka tambayi komai, sai sun tabbatar da kai." Wallahi na gaji da jin wannan magana. Da ita ake sallamar yaranmu, ko masana'antar shinkafa ta Avnash da ke Nyankpala suka nufa, ko kamfanin siminti na Buipe, ko na Dangote a Tema.

Lokacin gwaji 'yan watanni ne da kamfani ke duba aikinka, kuma gaskiya ne sallamar mutum ta fi sauƙi a cikinsu. Amma wa ya ce ɗan gwaji ba shi da haƙƙi? Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003, mai lamba 651, ta ce aikin da zai kai wata shida dole a rubuta yarjejeniyarsa, kuma cikin wata biyu da fara aiki a ba ka sharuɗɗansa a rubuce. Awa takwas ne a rana, arba'in a mako. Ma'aikacin wucin gadi da ya yi wata shida a jere wurin mai aiki ɗaya, doka na ɗaukarsa a matsayin na dindindin. To, wanda aka ce ya yi shiru, da wace takarda zai nuna ranar da ya fara?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne batun SSNIT, hukumar fansho. Za ka ji saurayi yana murna wai an ba shi albashinsa cif, ba a yanke ko sisi ba. Ɗan'uwa, kai aka cuta. Kashi 5.5 ake cirewa daga albashinka, kamfani kuma ya ɗora kashi 13 daga aljihunsa. Duk watan da ba a zuba ba, kashi 13 ɗin nan ka yafe wa mai kuɗi, ga shi kuma fansho na wata-wata sai wanda ya cika wata 180 yana zubi. Yau kana da ƙarfin ɗaukar buhu, shekara sittin kuwa tana tafe.

Shirun nan har yatsu yake ci. Sabon ma'aikaci ya tsaya gaban bel ɗin da ke jan buhuna, wani buhu ya maƙale, bai san maɓallin tsayarwa ba, yana jin kunyar a ce masa baƙauye, sai ya zura hannu. Matambayi ba ya ɓata. Hular kwano, takalmi da abin rufe hanci, doka ta ɗora wa kamfani ya ba ka su kyauta.

Saboda haka tun makon farko ka karɓi takardar ɗaukarka, ka ɗauki hotonta a waya. Ka kai katinka na Ghana Card ofishin ma'aikata, bayan wata biyu ka je ofishin SSNIT ka duba ko kuɗinka na shiga. Ajiye takardar albashi ta kowane wata. Ka gaida foman, ka nemi wani tsohon hannu mai mutunci ka ce, "Yaya, nuna mini," kuma kada ka taɓa injin da ba a koya maka ba. Batun sallah, musamman Juma'a, ka daidaita da shugabanka tun farko, ba ka riƙa sulalewa ba. Ka zo kan lokaci, ka guji gulmar kantin, kada ka ci bashi kan albashin da bai shigo ba. In an danne maka haƙƙi, akwai ƙungiyar ma'aikata, akwai ofishin ƙwadago a nan Tamale.

Ku kuma iyaye, don Allah ku ci gaba da koya wa yara ladabi, amma ku daina ce musu su yi shiru.