Zaɓen Babbar Manhaja Ga Kwamfutar Rarraba Kiran Waya

Kamfanoni da otel-otel da asibitoci da dama a faɗin duniya sun daina sayen tsohuwar na'urar nan mai tsada ta rarraba kiran wayar tarho, sun koma ga kwamfuta ta yau da kullum wadda aka ɗora wa manhajar Asterisk. Ita wannan manhaja tana karɓar kiran da ya shigo daga waje ta miƙa shi ga ofishin da ake nema, ta jera masu kira bisa layi, ta naɗi saƙon murya, ta kuma ajiye lissafin kowane kira. Wani Ba'amurke mai suna Mark Spencer ne ya ƙirƙiro ta a shekarar 1999 a jihar Alabama, bayan ya ga kuɗin na'urar waya ya fi ƙarfin ɗan ƙaramin kamfaninsa, sa'an nan ya sake ta kyauta domin kowa ya yi amfani da ita ko ya gyara ta.

Sai dai Asterisk ba ta aiki ita kaɗai. Tilas ne a ɗora ta a kan babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar baki ɗaya, wadda galibi Linux ce. Ita kuwa Linux samfura ce iri-iri, kamar Debian da Ubuntu da Red Hat da Rocky Linux da AlmaLinux, kowane da ƙungiya ko kamfanin da ke kula da shi. Dukkansu suna iya ɗaukar Asterisk, kuma mai kira ba zai ji wani bambanci a kunnensa ba. Bambancin da ya shafi aljihun ɗan kasuwa shi ne tsawon shekarun da masu samfurin za su ci gaba da fitar da gyare-gyaren tsaro, da kuma samuwar ma'aikacin da ya san kansa.

Dalili kuwa shi ne, kwamfutar waya ba a kashe ta dare da rana, kuma akasari tana haɗe da intanet. Akwai ɓarayi da ba su da sana'ar da ta wuce laluben irin waɗannan kwamfutoci. Da zarar sun sami kafa, sai su riƙa buga waya zuwa wasu lambobi masu tsada na ƙasashen waje waɗanda suke da kaso a cikin kuɗinsu, yawanci da dare ko a ƙarshen mako, a bar mai kamfani da bashi. Manhajar da aka daina toshe wa kafofi tamkar kanti ne da makullinsa ya lalace aka rasa mai gyara.

Abin da ya faru da CentOS ya isa darasi. Shekara da shekaru wannan samfuri shi ne abin dogaro ga masu harkar waya, domin kwafi ne na Red Hat da ake samu kyauta, da alkawarin kulawa ta shekara goma. Manhajar FreePBX, wadda ke ba ma'aikaci damar sarrafa Asterisk ta fuskar allo cikin sauƙi, a kansa aka daɗe ana gina ta. A watan Disamba na 2020 kamfanin Red Hat, wanda IBM ya saya a 2019 kan dala biliyan 34, ya ba da sanarwar sauya akalar CentOS. Aka yanke wa CentOS 8 wa'adi a ƙarshen 2021 maimakon 2029, CentOS 7 kuma ya kai ƙarshensa ranar 30 ga Yuni, 2024. Duk kamfanin da har yanzu wayarsa ke kan ɗayan waɗannan biyu, to yana aiki ne ba tare da sabon gyaran tsaro daga masu shi ba.

Sakamakon haka, kamfanin Sangoma na ƙasar Kanada, wanda ya mallaki FreePBX a 2015, ya kuma sayi Digium mai Asterisk a 2018, ya fitar da FreePBX 17 a 2024 a kan Debian 12. Masu tsohon tsari ba su da hanyar ɗaukaka shi a inda yake, sai dai su kafa sabo su kwaso bayanansu daga ajiya. Saboda haka ga wanda ke son FreePBX, an riga an sauƙaƙa masa zaɓi: ya bi samfurin da masu manhajar suka gwada suka amince da shi, domin idan matsala ta taso a kan wani daban, babu mai ɗaukar alhaki.

Wanda kuwa yake da ƙwararren ma'aikaci da zai kafa Asterisk tsurarta, yana da hanya uku. Ta farko Debian, wanda Ian Murdock ya assasa a 1993, masu aikin sa kai ke tafiyar da shi, ba mallakar wani kamfani ba ne, kuma kowane fitowa yana samun kulawar kimanin shekara biyar. Debian 12 na 2023 zai kai 2028. Ta biyu Ubuntu na kamfanin Canonical, wanda ke fitar da samfuri mai dogon zango a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, da kulawar shekara biyar kyauta, ana kuma iya tsawaita ta da yarjejeniya. Ta uku Rocky Linux da AlmaLinux, waɗanda suka fito a 2021 domin maye gurbin CentOS, da kulawar shekara goma. Fitowarsu ta 9 za ta kai 2032.

Bugu da ƙari, ita kanta Asterisk tana da nata wa'adi. Fitowar dogon zango, kamar ta 20 ta 2022 da ta 22 ta 2024, tana samun cikakkiyar kulawa ta shekara huɗu da ƙarin shekara guda ta tsaro kaɗai, alhali fitowar da ke tsakani shekara biyu ce jimlarta. Hikima ita ce a daidaita wa'adodin biyu, kada a ɗora sabuwar Asterisk a kan babbar manhajar da saura shekara guda ta ƙare.

Haka nan a yi hattara da dunƙulallen tsari da ke zuwa da komai a haɗe, domin rayuwarsa tana hannun kamfani guda. Elastix, wanda aka ƙirƙiro a ƙasar Ekwado ya kuma karɓu ƙwarai, ya koma hannun kamfanin 3CX a ƙarshen 2016, aka cire Asterisk daga cikinsa. Sai da wasu masu amfani da shi suka kafa Issabel kafin tsohon tsarin ya ci gaba.

Idan kuma kamfani zai haɗa tsofaffin layukan waya ta katin da ake sokawa a cikin kwamfuta, wajibi ne a gwada katin da samfurin kafin a biya kuɗi, saboda manhajar DAHDI da ke tuƙa shi takan ƙi aiki idan aka sabunta ƙashin bayan Linux. Masu karɓar layinsu ta intanet ba su da wannan damuwa.

Ɗan kasuwa ba ya bukatar ya zama injiniya kafin ya kare dukiyarsa. Ya ishe shi ya sa ɗan kwangila ya rubuta masa sunan samfurin, da ranar da kulawarsa za ta ƙare, da wanda zai riƙa sa gyare-gyare, da inda ake ajiye kwafin bayanai, da kuma hannun da kalmomin sirri suke. A Najeriya, inda ɗaukewar wutar lantarki ke iya lalata bayanai, a ƙara da na'urar ajiye wuta a cikin lissafi. Manhajar kyauta ce, amma kula da ita da kuɗi, kuma gara a tanade shi tun ranar sa hannu a kwangila.