Labarin Lambar Waya Mai Kisa Da Binciken Isnadinsa

Ga wani labari na zamani wanda ya kamata mu auna shi da ma'aunin da muka gada.

Ku sani, wayar hannu ta GSM ta shigo Nijeriya a shekarar 2001. Ba a yi shekara uku cikakku ba, a watan Yuli na 2004, sai magana ta tashi wai akwai wata lamba, in ta kira mutum ya amsa, sai jini ya zubo masa ta hanci da kunne, ya faɗi matacce. Labarin ya gama birni da ƙauye, har kamfanonin waya suka fito suka ƙaryata. Ya lafa, sa'an nan ya sake tasowa a watan Satumba na 2011, aka ce lambar ita ce 09141. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi shela cewa abin ba shi yiwuwa. Irin wannan magana ta ɓulla a Pakistan da Afganistan a 2007, da Kenya a 2010, kowace ƙasa da tata lambar.

Asalin tsoron tsoho ne. Tun muna yara iyayenmu suke hana mu amsa kira da dare in ba mu ga mai kiran ba, don gudun maye ko aljani. Da waya ta zo, murya ba fuska, sai tsoron nan ya sami sabon masauki. Alhali lamba adireshi ce kurum, waya kuwa murya take ɗauka, ba ta da hanyar ɗauko cuta ta sa a jikin mutum.

To, ya ku malamai, ku ne ma'abota isnadi. Ku tambayi mai ba da labarin, wa ya faɗa maka? Zai ce wani abokinsa. Shi kuma a ina ya ji? A mota. Wa ya wanke gawar, wa ya sallace ta, a wace maƙabarta aka rufe ta? Nan magana take tsayawa. Riwayar da duk mazajenta majahulai ne, ba a gina hukunci a kanta.

Kada a ce ai hira ce, ba ta da ɓarna. Masaƙin Minjibir da ke jiran kiran dillali daga Kasuwar Kurmi, da mai lambu a bakin madatsar Wasai da ke jiran mai saye daga 'Yankaba, in suka ƙi amsa baƙuwar lamba ciniki ya wuce su, ganye kuwa ba ya jiran gobe. Akwai abin da ya fi wannan muni. A watan Agusta na 2014, lokacin annobar Ebola, saƙo ya yaɗu ta waya cikin dare ɗaya wai a yi wanka da ruwan gishiri kuma a sha. Mutane suka tashi 'yan'uwansu daga barci don ƙauna, aka sha. Aƙalla mutum biyu suka rasu, aka kwantar da waɗansu a asibiti. Wannan ita ce mutuwar da aka tabbatar ta biyo ta waya, kuma masoya ne suka isar da saƙon.

Saboda haka, ya kai falke, yadda ba ka biyan kuɗin turmi sai ka warware shi ka duba, haka za ka yi wa labari. Gani ya kori ji. In saƙon tsoro ya iso maka, riƙe shi har gari ya waye, ka tambayi malamin asibiti ko wani masani, kafin ka miƙa wa na gaba.

Allah ya tsare mu da ɗaukar abin da ba mu da saninsa. Haza wassalam.