Furotin a Najeriya: Shekara 60 na alƙaluma da abin da kasuwannin Jos ke nunawa

Tun daga shekarar 1961 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, take tattara lissafin abincin da kowace ƙasa ke samu a shekara. Ana haɗa abin da aka noma da abin da aka shigo da shi, a cire wanda aka fitar waje, da iri, da abincin dabbobi, da wanda ya lalace a rumbu ko a hanya, sannan a raba saura da yawan jama'a. Daga nan ake fitar da giram nawa na furotin, wato sinadarin gina jiki, ke faɗawa kan mutum ɗaya a rana.

A farkon shekarun 1960 rabon ɗan Najeriya yana tsakanin giram 40 da 50. Bai ƙaru ba a zamanin arzikin man fetur, hasali ma ya ja baya, domin an yi watsi da noma, ga kuma farin shekarun 1970 da na 1983 zuwa 1984. Daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da aka hana shigo da shinkafa da masara, daga baya har da alkama, noman hatsi da wake ya farfaɗo, adadin ya yi ta hawa har ya haura giram 60 a shekarun 2000. Tun daga nan yake kai-komo a wajen 60. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne ga manoma, idan aka tuna cewa mutanen ƙasar kusan miliyan 45 ne a 1961, yau kuma sun zarce miliyan 200. Duk da haka matsakaicin duniya ya wuce giram 80, ƙasar Sin kuwa, wadda ba ta fi Najeriya ba a 1961, yanzu ta haura 100.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kimanin giram 0.83 ga kowane kilo na nauyin jikin baligi, wato kusan giram 50 ga mai nauyin kilo 60. Mai kallon alƙaluman zai ce ai an kai. Sai dai lissafin FAO na abin da ke akwai ne a ƙasa, ba abin da ya shiga bakin kowa ba. Tukunyar attajiri da ta talaka duk an zuba su a kwano ɗaya an raba daidai a kan takarda.

Akwai kuma batun tushen furotin ɗin. Mafi yawansa daga dawa, gero, masara, shinkafa, wake da gyaɗa yake fitowa. Abin da nama, kifi, ƙwai da madara ke bayarwa bai cika giram 10 a rana ba, kuma bai gusa sosai ba cikin waɗannan shekaru, alhali matsakaicin duniya ya wuce giram 30. Furotin na hatsi yana da ƙarancin wani ɓangare da jikin yaro ke buƙata don girma. Wake da waken suya suna cike wannan giɓi, shi ya sa shinkafa da wake, ko koko da ƙosai, ko awara, suke da amfani fiye da yadda ake ɗaukarsu. Najeriya ce ma kan gaba a duniya wajen noman wake. Amma ƙaramin yaro cikinsa kaɗan ne, ba zai iya cin tuwon da zai ba shi abin da ƙwai ɗaya mai giram 6 na furotin ke bayarwa cikin sauƙi ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kuma matsalar ta fi tsanani a Arewa, inda shanun suke.

Jos wuri ne da ya dace a duba dalilin hakan, domin kusan duk abin da ake buƙata don samar da furotin na dabbobi yana nan. Sanyin tsaunin da ƙarancin ƙudan tsando su suka jawo makiyaya, su ne kuma suka sa aka kafa cibiyar binciken lafiyar dabbobi a Vom a 1924, domin yaƙi da ciwon bushiya da ke kashe shanu. Har yau daga Vom ake samar da alluran rigakafin dabbobi da kaji. A nan kuma akwai gonar madara ta zamani, a Bukuru akwai kasuwar shanu ta Kara da masana'antun abincin kaji, ciki har da Grand Cereals mai yin Vital Feed, a Panyam da ke ƙaramar hukumar Mangu akwai tsohuwar gonar kifi. Kaji masu ƙwai suna jin daɗin sanyi, don haka Jos ta yi suna da ƙwai, ana lodinsa zuwa Abuja da jihohin Arewa maso Gabas.

Amma ƙwai masara ce da aka juya. Abinci ne ke cinye kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwon kaji, masara kuma ita ce rabin abincin ko fiye, sai waken suya. Kaza da mutum suna takara a kan buhu ɗaya a kasuwar Mangu. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, ƙungiyar masu kiwon kaji ta ƙasa ta yi ta kokawa cewa gonaki suna rufewa. Idan kuɗi ya yi ƙaranci, magidanci ba tuwo yake fara ragewa ba, nama da ƙwai ne ke fara fita daga cefane. Cuta ma tana yin nata: tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya a 2006 take dawowa lokaci-lokaci, Filato na cikin jihohin da aka sha kashe kaji don daƙile ta.

Labarin madara ya fi daɗewa. Saniyar gida, irin Bunaji, ba ta wuce lita ɗaya zuwa biyu a rana, a rani ma ta gaza haka, yayin da saniyar Turai da ake kiwo a killace ke ba da ninkin hakan sau goma. Babu wutar lantarki da firiji a ruga, don haka nonon da ya wuce na fura da man shanu ba ya isa birni. Ƙasar da ke da miliyoyin shanu sai ta dogara da madarar gari da ake shigowa da ita da dala. Rikicin manoma da makiyaya a Barikin Ladi, Riyom, Bokkos da Mangu ya ƙara dagula lamarin ta fuska biyu: ana barin gonakin masara, garken shanu kuma suna ƙaura ko a sace su.

Manufofin gwamnati sun taɓa batun ta wurare daban-daban. Hana shigo da daskararrun kaji a farkon shekarun 2000 ya bunƙasa kiwon gida, ko da yake fasa-ƙwauri bai tsaya ba. Shirin ciyar da 'yan firamare da aka soma a 2016 ya sanya ƙwai cikin abincin mako, abin da ya zama kasuwa ga masu kiwo muddin shirin na tafiya. A 2024 kuma aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya. Tasirinta zai ɗauki lokaci kafin ya bayyana a lissafin FAO, wanda kan fito shekara biyu ko makamancin haka bayan shekarar da ake lissafawa; farashin kiret ɗin ƙwai a Bukuru da na buhun masara a Mangu kuwa kowane mako ana iya sanin inda suka dosa.