Hatimin Da da Hatimin Yanzu: Yadda Manhajar Imel Ke Tantance Wasiƙun Ciniki

GABATARWA

Tun lokacin da aka fara aika saƙo a rubuce, tambayar da mai karɓa kan fara yi ita ce: shin wannan takarda ta fito daga wanda aka ce ya aiko ta? Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana sababbin dabarun da aka ƙara wa manhajar da ke tafiyar da imel na kamfanoni da ofisoshi, ta kuma nuna cewa akasarinsu amsa ce ga wannan tsohuwar tambaya. Batun ya shafi ɗan kasuwar Jabo mai tura wa kamfani hatsi ko albasa, kamar yadda ya shafi akawun ƙaramar hukuma a Tambuwal ko Kebbe, domin a yau sau da yawa ta imel ake aiko takardar neman biya da lambar asusun banki.

HATIMI A DAULAR SAKKWATO

A zamanin Daular Usmaniyya, ofishin Waziri ne ke kula da wasiƙun da ke tsakanin Sarkin Musulmi da sarakuna. Da Larabci ake rubuta su, a buga musu hatimi, sa'an nan a damƙa wa manzon da aka sani. An sami tarin irin waɗannan wasiƙu a gidan Waziri Buhari a shekarar 1903, har H. F. Backwell ya fassara su aka buga a 1927. Watau abu biyu ne ke tabbatar da takarda: hatimin da ke kanta, da manzon da ya kawo ta.

RAUNIN IMEL NA FARKO

Imel ba ya tashi daga wayar mai aikawa ya faɗa ta mai karɓa kai tsaye. Yakan bi ta wata babbar kwamfuta da ake kira uwar garke, wadda ke aiki tamkar gidan waya: ta karɓa, ta rarraba, ta ajiye. Ƙa'idar da waɗannan na'urori ke bi wajen miƙa wa juna saƙo, watau SMTP, an tsara ta ne a Amurka a 1982, lokacin da masu amfani da ita kaɗan ne, kuma sun yarda da juna. Saboda haka ba a tanadi hanyar bincika sunan mai aikawa ba. Kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama a kan saƙo, kamar dai yadda ake rubutu a bayan ambulan. Da imel ya shiga harkar ciniki, sai 'yan damfara suka sami ƙofa a buɗe.

SABABBIN DABARU

Dabara ta farko ita ce SPF. Kamfani kan shelanta jerin na'urorin da ya amince su aika saƙo da sunansa, sai uwar garken mai karɓa ta duba jerin. Wannan shi ne matsayin manzon da aka sani. Ta biyu ita ce DKIM, wadda aka daidaita a 2007. Ita kuwa sa hannu ne na lissafi da ake liƙa wa saƙo, wanda ke lalacewa da zarar an canza abin da ke ciki. Hatimi ke nan. Ta uku, DMARC, ta fito a 2012, ita ce umarnin da kamfani ke bayarwa game da saƙon da ya kasa cin waɗancan gwaje-gwaje: ko a tsare shi, ko a mayar da shi. Daga Fabrairun 2024 kamfanonin Google da Yahoo suka wajabta waɗannan uku a kan masu aika saƙo da yawa.

Amma fa hatimi ba ya amfani in ɓarawo ya sace shi. A 2021 wata kotu a Amurka ta ɗaure wani ɗan kasuwa ɗan Nijeriya shekara 10 kan damfarar kimanin dala miliyan 11. An yaudari babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac ya ba da kalmar sirrinsa, daga nan aka riƙa aika umarnin biya daga akwatinsa na gaske. Maganin wannan shi ne tantancewa mai hawa biyu: bayan kalmar sirri, sai an ƙara da wata lamba da ke fitowa a wayar mai akwatin.

Har ila yau, ita kanta manhajar tana tsufa. Microsoft ya fitar da Exchange Server a 1996, a watan Maris na 2021 kuma aka bayyana ɓarakar da ta ba masu kutse damar shiga dubban na'urori a duniya. A Oktoban 2025 kamfanin ya daina gyara nau'in 2016 da na 2019. Ofishin da ya ci gaba da amfani da su ya zama kamar mai rumbu da ba ya yaɓe.

KAMMALAWA

Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci ga mai irin wannan damfara a Nijeriya, sai dai rigakafi ya fi magani, domin kuɗin da ya fita da wuya ya dawo. Na'ura tana iya tabbatar da inda saƙo ya fito, ba ta iya tabbatar da niyyar wanda ya rubuta shi. Don haka idan saƙo ya zo wa ɗan kasuwar Jabo cewa abokin cinikinsa ya canza lambar asusu, abin da ya kamata shi ne ya kira shi ta lambar wayar da ya daɗe da sani kafin ya tura ko kwabo. Mutanen da ma sukan duba hatimi, su kuma dubi fuskar manzo.