Curin cukun Italiya da yadda ake rage masa nauyi a gida

A yankin Tuskani na ƙasar Italiya ana yin wani abinci da ake kira nyudi, wato ƙananan curi da ake haɗawa da cuku mai laushi da ganye da ƙwai da ɗan garin alkama, a jefa su cikin tafasasshen ruwa har su taso sama. Duk wanda ya san ɗanwake ya san rabin aikin, domin jifar ɗaya ce, kuma tasowar curin ita ce alamar nuna. Cukun da Italiyawa ke amfani da shi sunansa rikota, ana kuwa samun sa ne ta hanyar sake dafa ruwan da ya saura bayan an cire cukun farko, shi ya sa maiƙonsa bai kai na busasshen cuku ba.

Kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke bai wa jiki, kuma abin da jiki bai ƙona ba yakan taru ya zama kitse. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, alhali giram ɗaya na sitaci ko furotin bai wuce 4 ba. Giram 100 na fulawa ya haura kalori 350, busasshen cukun Farma da ake gogawa a kai ya kusa 400, ganye kuwa bai kai 30 ba. Daga waɗannan alƙaluma za a gane cewa fulawa da busasshen cuku da mai suna ƙara wa abincin nauyi sosai.

Mazauna Ojota da Agege a Legas ba su da buƙatar neman rikota a manyan kantunan Ikeja, inda kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Ɗanyen cukun Fulani, wanda Yarabawa ke kira wara, ana daskarar da shi da ruwan tumfafiya, kuma idan aka marmashe shi yakan yi aikin rikota, muddin ba soyayye ba ne. Ya kamata a sake tafasa shi kafin amfani, saboda yana saurin lalacewa a zafin Legas. Wanda ya fi so ya yi nasa sai ya ɗora madarar da aka rage wa maiƙo a wuta, idan ta kusa tafasa ya matsa lemun tsami, ya bar ta ta tsinke, sannan ya tace. Ganyen da ake sawa kuwa, wato alayyafo, ba ya yankewa a kasuwar Mile 12.

Babban aikin yana wajen tsane ruwa, kuma nan ne mafi yawan masu girki ke gaggawa. Cuku mai ruwa yana sa kwaɓin ya yi sako-sako, sai mai girki ya yi ta ƙara fulawa don ya kama, ƙarshe curin ya yi tauri, kalorinsa kuma ya ƙaru. Saboda haka ake ɗaure cukun a tsaftataccen ƙyalle ya kwana a firji yana ɗiga, a kuma gwada wa alayyafon ruwan zafi, a matse shi sosai, a yanka ƙanana. Idan an yi haka, giram 250 na cuku da kwatankwacinsa na ganye ba sa buƙatar fiye da ƙwai ɗaya da cokali uku na fulawa da gishiri da masoro. Ana mulmula curin, a birgima shi cikin garin samolina, a bar shi ya huta a firji, domin garin ya tsotse danshin waje ya zama siririyar fata da za ta riƙe curin. Ruwan dahuwa kada ya yi ta ɓulɓula da ƙarfi, in ba haka ba curin zai watse, kuma minti biyu zuwa uku sun isa.

A al'adar Tuskani ana zuba narkakken man shanu da wani ganye mai ƙamshi a kai, wanda babu shakka yana da daɗi, amma cokali ɗaya na man ya kai kalori 100, man gyaɗa kuwa kusan 120. Miyar tumatir da tattasai da albasa da tafarnuwa, wadda aka dafa da ƙaramin cokali ɗaya na mai, tana maye gurbinsa, kuma ɗan tsaminta ya dace da cukun da ba shi da ƙarfin ɗanɗano. Mai son yaji yana iya barbaɗawa, sai dai ya tuna cewa yajin ƙuli-ƙuli shi ma yana da nasa man.